Mai AC na so a huda min bim ɗin ƙarfe: in bari ko in hana?

Ɗan_Hotoro:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu sani. Muna gina bene mai hawa ɗaya a wajen Hotoro, ƙasa ɗakin taro ne babu ginshiƙi a tsakiya, sama kuma ofisoshi. An ɗora bim na ƙarfe IPE 400 (mai siffar I, tsayin jikinsa santimita 40), mita 8 daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, an riga an zuba dekin a kai. Yanzu mai aikin AC ya ce bututun iskarsa ba zai bi ta ƙasan bim ba, don silin zai sauko da yawa. So yake a yanka taga a jikin bim ɗin, tsayi santimita 25, faɗi 50, kamar santimita 30 daga jikin ginshiƙi. Mai waldarmu ya ce ba komai, zai yanka da gas ya zagaye bakin da filet (falalen ƙarfe) ya ɗinke, wai har sai ya fi da ƙarfi. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Wa ya taɓa yin irin wannan?

Sarkin_Walda_KofarRuwa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kullum muna yi. In dai filet ɗin mai kauri ne, mil (wato milimita) 10 ko 12, kuma hannun mai waldar na da kyau, ka yi barcinka. Abin da aka cire an mayar da wanda ya fi shi.

UmmuAfnan:
Alhaji ina injiniyan da ya zana ginin? Shi ya kamata a fara kira kafin a kunna gas.

Inj_Fagge:
Alhaji, ka tsayar da su tukuna. Huda bim ba haramun ba ne, ana yi a ko'ina a duniya, amma wurin da suka zaɓa shi ne mafi muni a duk tsawon bim ɗin.

Ka dubi bim ta bakinsa. Akwai leɓen sama, akwai leɓen ƙasa, sai bangon tsakiya da ya haɗa su. Leɓunan nan biyu su ne suke hana shi lanƙwasa: na sama ana matse shi, na ƙasa ana jan shi. Bangon tsakiya kuwa aikinsa daban, shi yake ɗauke da ƙarfin sara, wato wanda yake son ya datse bim ɗin a tsaye. Lanƙwasa ta fi yawa a tsakiyar bim, sara kuma ya fi yawa a kusa da ginshiƙi. To ka ga su bangon suke son yankewa, kuma a daidai inda aikin bangon ya fi nauyi.

Ga lissafi sama-sama. Kaurin bangon IPE 400 mil 8.6 ne. In ka cire mil 250 daga cikin 400, saura 150, wato fiye da kashi 60 cikin ɗari na abin da ke tare sara ya tafi. Amma ƙarfin hana lanƙwasa kashi 10 kawai ya ragu. Shi ya sa taga ɗaya, girma ɗaya, in a tsakiya take bim bai cika damuwa ba, in a gindin ginshiƙi take sai ta kashe shi.

Sarkin_Walda_KofarRuwa:
Injiniya ban ƙi taka ba, amma ai na ce za a sa filet. Ku kullum lissafi, mu kuma ƙarfen ne a hannunmu. Ban taɓa ganin wanda na yi ya faɗo ba.

Inj_Fagge:
Sarkin walda, rashin faɗowa ba shaida ba ce. Yawancin gine-gine ba sa taɓa ganin cikakken nauyin da aka lissafa musu, sai ranar da aka cika sama da jama'a ko aka mayar da ofis sito. Ran nan ake gane aikin. Kuma filet ɗin da ake zagaye bakin taga da shi ba ya mayar da bangon da aka cire. Wani aiki daban yake yi.

Ɗalibi_BUK:
Ranka ya daɗe Injiniya, abin da ake kira lanƙwasar Vierendeel kake nufi ko? Mun yi shi a aji amma a allo kawai muka gani. Don Allah a ɗan buɗa mana.

Inj_Fagge:
Shi ne, ƙanena. Sunan wani injiniya ne ɗan ƙasar Beljiyam, Arthur Vierendeel, wanda ya yi suna da gadoji masu tagogi huɗu-huɗu babu ƙarfen da ya gitta a karkace.

In ka yanka taga, abin da ya rage sama da ƙasa wasu 'yan siraran ƙarafa ne masu siffar T, a aikin Alhaji kowanne mil 75. Duk saran nan dole ya haye tagar ta kansu, kuma yayin hayewa yana lanƙwasa su a kusurwoyi huɗu. Gwargwadon faɗin taga, gwargwadon lanƙwasar. Mu ƙaddara kowace mita ta bim ɗin na ɗauke da tan 3 bayan an sa rarar kariya, ƙaddarawa ce don ban ga zanen ba. Saran da ke wurin tagar zai kai kusan tan 10. Ka ninka da rabin mita, ka samu tan-mita 5, wato wajen kilonyutan-mita 50 a ma'aunin lanƙwasa. Su kuma T ɗin nan, in ƙarfen ajin ƙarfi na S275 ne, kusurwoyin huɗu gaba ɗaya abin da za su iya bai wuce 30 da 'yan kai ba. Ka ga an bi su bashi. Yadda yake mutuwa kuma ba karyewa ba ce farat ɗaya, tagar ce za ta goce, kusurwa biyu su buɗe biyu su tsuke, dekin ya tsage a samanta.

Nan ne sitifina, wato filet ɗin ƙara ƙarfi, ke da amfani: filet a kwance sama da taga, wani a kwance ƙasa da ita, suna ƙara wa T ɗin ƙarfin jure wannan lanƙwasa. Amma in saran da kansa ya fi ƙarfin ragowar bangon, sitifina a kwance ba za ta cece ka ba, sai dai a lulluɓa wa bangon wani faranti a ƙara masa kauri.

MaiSanyi_ZooRoad:
Mu ma fa a ji namu uzurin. Ana gama gini tsaf sai a kira mu a ce a sa AC. Mai gida ba ya son silin ya sauko, ba ya son ganin bututu, ba ya son ƙarin kuɗi. To ta sama za mu tashi da shi? Kusa da ginshiƙi muke so saboda nan bututun ke hawowa daga inji, in muka kai shi tsakiya sai an ƙara gwiwa biyu da tsawon bututu.

Kwantiti_Sheka:
MaiSanyi ya faɗi gaskiya. Ciwon yana farawa ne tun a takarda. Zanen da ake kai wa KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, daban, na wuta da na ruwa da na sanyi kuma sai gini ya kai linta ake tunawa da su, in ma an yi. Da an zauna tebur ɗaya tun farko, da a shago za a huda bim ɗin yana ƙasa, a wurin da injiniya ya nuna. Kuɗin gwiwa biyu da 'yan mitocin bututu ba ya kama ƙafar kuɗin sauke dekin.

Baba_Magini:
'Ya'yana ni ban yi boko ba, amma wata magana da Injiniya ya yi ta kusurwa ina so a riƙe ta. Ku je Kantin Kwari ku ga yadda ake yanka yadi. Ba ya bin sa da almakashi har ƙarshe, ɗan tsaga yake yi a baki sai ya ja, yadi ya tafi ƙeee. Kusurwa mai kaifi a jikin ƙarfe ita ce wannan tsagar. Na ga yaran yanzu suna yanka da gas, wuta ta zarce layi ta shiga ciki kamar rabin inci, su bar shi haka su shafa jan fenti a kai. Wannan ba aiki ba ne.

Inj_Fagge:
Allah ya ƙara girma Baba, ka gama magana. Ƙa'idar da littattafan Ingila da na Amurka suka bayar kusan ɗaya ce: a zagaye kusurwa, kada zagayen ya gaza ninki biyu na kaurin bango, kuma kada ya gaza mil 15 zuwa 16. A IPE 400 ka ce mil 20 ka huta. Hanya mafi sauƙi ita ce a fara huda kusurwoyin huɗu da diril, sannan a yanka tsakaninsu, sannan a bi da giranda har yatsa ya wuce bai ji ƙaiƙayi ba.

Ɗalibi_BUK:
Wannan ya tuna min da jirgin sama na Comet na Ingila. A 1954 guda biyu suka tarwatse a sama, bincike ya nuna tsagar ta faro ne daga kusurwar wata taga mai kusurwa huɗu a jikin jirgin.

Injiniya_Hauwa:
Haka ne ƙanena, sai dai ka bambanta. Na jirgi gajiyar ƙarfe ce, kowane tashi a hura shi kowace sauka a sace, sau dubbai. Bim ɗin ofis nauyinsa a zaune yake. Inda gajiya ke shigowa a nan Kano shi ne masana'antun Sharada da Challawa da Bompai, bim ɗin da ƙugiyar ɗaga kaya ke gudu a kansa ko wanda aka ɗaure wa inji mai jijjiga. Irin waɗannan ni ko hudar waya ba na yarda a yi sai an lissafa.

Sannan in ƙara kan maganar sitifina, don abin da nake gani a wuraren aiki ya sha bamban da abin da Inj_Fagge ya kwatanta. Mai walda zai yanko filet huɗu daidai girman tagar, ya jera su kamar firam ɗin hoto, ya ɗiga walda nan da can. Filet ɗin da ya tsaya daidai kan kusurwa bai yi komai ba, domin a kusurwar ake buƙatarsa. Dole na kwance ya zarce bakin taga ta kowane ɓangare, ni ba na karɓar ƙasa da santimita 15, kuma walda ta bi shi tun daga farko har ƙarshe ba ɗige-ɗige ba. A bar ɗan tazara tsakaninsa da bakin yanka don walda ta samu wurin zama. Na tsaye kuma wurinsu daban: ƙarƙashin inda wani bim ko ginshiƙi ya sauka a kai, da kan mazaunin bim, don kada bangon ya lauje.

Sarkin_Walda_KofarRuwa:
Hajiya Injiniya, waldar da kike so a yi ta cika daga farko har ƙarshe, a sama, mutum na kan sikafol ya ɗaga kai, da janareto da ke tari in an ɗosana wuta? Ku zo ku riƙe holda ku gani. Kuma mai aiki shi ke sayo ilektirod, mafi araha yake ɗaukowa.

Injiniya_Hauwa:
Ai ka taya ni magana ne Malam. Tunda ka san waldar sama da raunin wuta ba ta shiga ƙarfe sosai, kada ka ce wa Alhaji ya yi barci. In ba za a samu injin da zai ja ilektirod 7018 ba, kuma busasshe ba wanda ya sha raɓa a kwali ba, gara a nemi hanyar da ba ta dogara da walda.

Abu_Sadiq77:
Ni tambayata, wa ma ya tabbatar ƙarfen nan S275 ne? A kasuwa ana kiran abu da sunan girmansa kawai. Na taɓa sayen bim na hannu, an shafe shi da fenti yana ƙyalli, da muka kankare muka sa baniya ta auna kauri sai ga tsatsa ta ci bangon a gefe ɗaya, har da tsofaffin hudojin noti da aka cike da walda aka goge. Alhaji sabo ka saya ko cire-cire ne?

Ɗan_Hotoro:
Sabo ne Abu Sadiq, amma ba a ba mu wata takardar masana'anta ba. Gobe zan sa a auna kaurin. Na dai hana su taɓa komai.

DattijonGwale:
Duk wannan wahalar da kamfanin ƙarfe na Ajakuta na aiki da ba mu sha ta ba. Tun 1979 aka ba Tarayyar Sobiyet kwangila, har yau tukunyar ba ta narka tama ba. Ƙasa mai wannan girma tana sayo bim daga waje, kowa ya shigo da abin da ya ga dama.

Kwantiti_Sheka:
Baba Dattijo a bar Ajakuta ta huta, in muka shiga nan sai asuba. Ko ƙarfen Jamus ne, in ka yanke bangonsa a gindin ginshiƙi zai ba ka amsa.

Zango_Fabrication:
Ni abin da ya ɗaure min kai, muna ganin manyan rumfuna da bim ɗinsu duk huda ne daga farko har ƙarshe, wasu zagaye wasu mai kusurwa shida. Su me ya hana su faɗuwa? Ko dai ana tsorata mutane ne kawai?

Inj_Fagge:
Tambaya mai kyau. Waɗancan ba huda su aka yi ba a yadda kake tsammani. Ana tsaga bangon bim ne a tsawonsa zigizag, a raba biyu, a gusa ɗaya, a haɗa tsinin da tsinin a yi walda. Sai bim ya ƙara tsayi kusan rabin yadda yake, na mil 400 ya koma wajen 600, nauyin ƙarfe bai ƙaru ba. Mai zagayen kuma a Ingila aka fito da shi a shekarun 1980. Sun dace da dogon rufi mai nauyi kaɗan. Kuma ka lura da kyau in ka sake gani: sau da yawa hudar farko da ke kusa da ginshiƙi a toshe take da faranti, haka ma inda wani nauyi ya sauka. Su ma abin da muke gudu suke gudu. Ciwonsu na musamman shi ne ɗan bangon da ke tsakanin huda da huda, in ya yi siriri sai ya murɗe.

MaiSanyi_ZooRoad:
To Injiniya in taga mai kusurwa ce matsala, a yi zagaye mana. Sai dai ku sani, bututu 25 da 50 iskar da yake ɗauka sai zagaye mai santimita 25 guda biyu da rabi. Wato huda uku ke nan a kowane bim.

Injiniya_Hauwa:
Zagaye ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A lissafin Vierendeel ana ɗaukar faɗinsa ƙasa da rabin faɗin bakinsa, ka ga santimita 11 ke nan maimakon 50, kuma babu kusurwar da za a ji tsoro. Amma bangon da aka cire yana nan an cire, don haka ko zagayen ba a gindin ginshiƙi ba. A ƙalla a bar tazarar tsayin bim ɗin, kuma ni na fi son a matsa fiye da haka sosai. Huda uku kuma kada a jera su kamar murhu, a ba kowace fili.

Inj_Fagge:
Ni kuma a nan na ɗan saɓa da Hajiya. Huda uku yanka uku ne, a sama, a bim mai ɗauke da kaya. Na fi son taga ɗaya a wajen mita 3 daga ginshiƙi. A lissafin ɗazu saran can tan 3 ne kacal maimakon 10. Tsayin 25 bai haura kashi 70 cikin ɗari na tsayin bim ba, wanda shi ne iyakar da aka saba bayarwa ga taga mai kusurwa. Sai a duba haɗuwarta da lanƙwasa, don can T ɗin na shan matsa da ja, in ta kama a sa sitifina biyu a kwance.

Injiniya_Hauwa:
In babu ƙaramin bim da ya sauka a kusa da wurin ba. Kuma in an yi kusoshin da suka ɗaure dekin da bim lissafi ya canza, in ba a yi ba ya canza. Alhaji bai gaya mana ba.

Ɗan_Hotoro:
Hajiya ban san wannan ba gaskiya. Na ga dai an ɗora katako an ɗaura rodi an zuba kankare. Akwai kuma bangon bulo a sama da ya bi ta kan ɗaya daga cikin bim ɗin, na raba ofis.

Inj_Fagge:
To ka ji. Wannan bangon kaɗai ya isa ya rusa ƙaddarawar da na yi. Yana cikin zanen asali ko daga baya aka ƙara?

Baba_Magini:
Kuma duk wanda za a yi, a tokare tukuna. A sa jak ko ƙarfen tokara hagu da dama kafin wuta ta taɓa shi, kada a cire sai walda ta huce. Ƙarfe in ya yi ja laushi yake yi, ga kankare a kansa. Kada kuma yaro ya ja walda a gicciye a kan leɓen ƙasa don ya rataya bututu.

Ɗalibi_BUK:
Gaskiyar Baba ce, a wajen digiri 600 ƙarfen gini ya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Shi ya sa bayan gobara, irin wadda aka yi a kasuwar Sabon Gari a 2016, ba a yarda da ƙarfen da ya sha wuta sai an duba shi.

UmmuAfnan:
Ni har yanzu ba a amsa min ba. Ina wanda ya zana? Duk injiniyoyin nan biyu sun ce ba su ga zane ba. Wanda ya sa hatiminsa na COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, a takarda shi ne zai rubuta a huda nan ko kada a huda, ya sa hannu. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, ba za a zo wannan zaure a nemi kowa ba.

Abu_Sadiq77:
Hajiya kin san halinmu. Ana biyan kuɗin zane sau ɗaya, in aka ce a kira shi ya zo duba aiki sai a ce ai tsada gare shi.

Sarkin_Walda_KofarRuwa:
Su ma injiniyoyin wani sa'in ka kira su sati guda ba su zo ba, aiki na tsaye, lebura na cin kuɗin yini. Amma na ji maganar zarce kusurwa da huda da diril, wannan zan sa yarana su riƙa yi. Maganar a ce filet ba ya mayar da ƙarfi kuwa, har yanzu da saura.

Kwantiti_Sheka:
Alhaji tsayin zauren nawa ne daga daɓe zuwa ƙasan bim? In ya kai mita 3 da rabi, ka sauke silin a gefe ɗaya kawai ta jikin bango, ka yi masa akwati da POP bututu ya bi ta ciki, a jera fitilu a jiki ya zama ado. Ba yanka, ba walda, ba tokara.

Ɗan_Hotoro:
Mita 3 da santimita 20 ne. Na kira wanda ya zana, ya ce bangon bulon ba ya cikin zanensa, zai zo ranar Asabar da takardun, kuma a ajiye gas har ya zo. MaiSanyi, in za a bi shawarar Kwantiti, akwai yadda za a yi bututun ya ƙara faɗi ya rage tsayi, kamar 15 da 80?

MaiSanyi_ZooRoad:
Ana yi Alhaji, amma falalen bututu ya fi ƙara kuma ya fi cin kwano, ga abin rufin da ke hana shi zufa zai ƙara santimita 5. Inji mai ƙarfin doki nawa aka sayo?